Cinikin Biri a Sama

Wata irin zamba ta kunno kai a tsakanin 'yan'uwanmu mazauna Kudu, tana kuwa neman ta zama ruwan dare. Masu yin ta ba su fasa ƙofar kowa, ba su tare hanya. Hoto kawai suke nuna wa mutum a wayarsa: ƙosasshen rago, ko tattabaru masu ado, ko ingarman doki, su ce ga shi nan a Potiskum yana jiran mai rabo. Mutum ya ɗauki kuɗin da ya tara da guminsa ya aika, daga nan sai a nemi mai kaya a rasa, layinsa a kashe. Wannan jarida tana ganin lokaci ya yi da za a yi maganar nan a fili, domin kowane wanda aka cuta ya yi shiru ya share wa macucin hanyar zuwa ga na gaba.

Kowa ya san mutumin Arewa ba ya rabuwa da kiwo duk inda neman abinci ya kai shi. Ka shiga Agege ko Idi-Araba a Ikko, ko Sabo ta Badun, ko Sabo ta Shagamu, ko Ama Hausa ta Owerri, za ka tarar da mai gadi da akurkin tattabarunsa a bayan ɗaki, da mai shayi yana turke da rago guda yana ba shi dusa, da ɗan kasuwar da ba shi da zance sai na dokin da yake so ya hau ran hawan Salla in ya koma gida. Wannan kiwo na sha'awa ne, yana ɗebe kewa, yana tuna wa mutum garinsu. To, ta nan ɗin 'yan damfara suke shigowa. Falke mai lissafin riba da faɗuwa yana da wuyar ruɗi. Amma wanda ya shekara yana mafarkin Balami fari tas mai dogayen kunnuwa, ranar da ya gan shi a hoto idonsa ya riga ya rufe, hankalinsa kuma ya tafi hutu.

Ba banza ba suke jingina da sunan Potiskum. Kasuwar shanun garin, wadda ke ci ran Laraba, tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. Daga can ake loda shanu da tumaki a manyan motoci zuwa Ikko da Badun da Fatakwal da sauran biranen Kudu, garin kuwa ya yi suna wajen mallakar motocin ɗaukar kaya. A watan Mayu na 2012 'yan bindiga suka auka wa kasuwar, aka yi hasarar rayuka da dabbobi masu yawa, amma duk da haka ta farfaɗo ta ci gaba da ci. Sunan da ya jure wa wannan masifa shi ne yanzu macuta suke yafawa kamar riga. Mazambaci ya iya cewa, "Ai ni nan Dogo Nini nake, kowa ya san gidanmu." Ya san ambaton unguwa yana kwantar da zuciyar mai saye fiye da ambaton gari. Alhali mai yiwuwa ne bai taɓa taka Jihar Yobe ba, ba ya kuma iya bambanta Dogo Nini da Dogo Tebo. Mutanen unguwar suna can suna sana'arsu, ba su san ana cin kasuwa da sunansu ba.

Ga yadda abin yakan gudana. Macuci ya kwashi hotunan dabbobin wani mai kiwo na gaskiya daga Facebook, ya liƙa su da sunan da ya ƙaga wa kansa. Ya sa kuɗi ƙasa da na kasuwa, amma ba ƙasa ƙwarai yadda za a yi shakka ba. In an tuntuɓe shi ya yi sallama cikakkiya, ya gaishe ka da iyali, ya ce larura ce ta sa zai sayar, ko dai mahaifiya ba lafiya ko kuɗin makaranta. Sa'an nan ya ce akwai wani Alhaji da ya taya, gobe zai zo da kuɗi, sai dai in ka ba da kafin alƙalami yau. Da ka ba da, sai maganar kuɗin mota ta taso. Bayan kwana ɗaya wani ya kira ka, ya ce shi ne direba, mota ta lalace a Lokoja, ko masu karɓar haraji sun tsare su, in ba a aiko da wani abu ba dabbar za ta galabaita. Kai kuma da ka riga ka zuba kuɗi, tsoron hasarar na baya ya sa ka ƙara. Haka za a yi ta tatsarka har ranar da ka ce babu. Ranar nan layi zai mutu.

Akwai wata dabarar da ta fi wannan muni, domin takan kama har mai taka-tsantsan. Macuci ya shiga tsakanin mai kaya na gaskiya da mai saye, kowanne bai san da zaman ɗayan ba. Ya gaya wa mai rago cewa shi mai saye ne daga Ikko, zai aiko ƙanensa ya duba. Ya gaya wa mai saye cewa ragon nasa ne, yaronsa ne ke kula da shi, a je a gani, sai dai kada a yi maganar kuɗi da yaro. Ɗan aike ya je, ya ga rago da idonsa, ya shafa shi, ya bugo waya ya ce lalle kaya ya yi. Mai saye ya tura kuɗi cikin asusun macuci. Da aka zo kwance rago sai mai shi ya ce bai ga ko kwabo ba. Nan rigima ta kaure tsakanin mutum biyu da aka cuta tare, mai laifin kuwa ya yi nisa. Har ila yau sukan sace WhatsApp ɗin mutumin kirki ta hanyar yaudararsa ya karanto musu lambobi shida da aka aiko masa, sa'an nan su yi ta tallar ƙarya da sunansa ga waɗanda suka amince da shi. Masu sayarwa ma ba su tsira ba, domin akan aika musu da saƙon banki na jabu, su saki kaya, sai daga baya su duba asusu su ga wayam.

Mai karatu zai ce, to, da can ba a ciniki tsakanin Arewa da Kudu ne? Ana yi, har ma da bashi, kuma ba a rubuta ko takarda. Tun da aka kafa Sabo ta Badun a 1916 fataken shanu suke sauka can. Wani masani daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna a unguwar a farkon shekarun 1960, ya kuma wallafa littafi a kanta a 1969. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne yadda falke zai kawo shanu daga nesa, a sayar wa mahautan Yarabawa bashi, falken bai san su ba, su ma ba su san shi ba, amma kuɗi su fito. Asirin abin shi ne maigida, watau fatoma, da dillalansa. Maigida shi ke saukar da baƙo, shi ke ajiye masa kuɗi, shi ya san mahaucin da ke biya da wanda ke taurin bashi, in kuwa kuɗi suka maƙale shi za a riƙe. Yana da gida a unguwa, yana da iyali, yana da sahun da yake tsayawa a masallaci. Ba shi da inda zai gudu, in kuma ya ci amana sau ɗaya baƙi sun ƙaurace wa ƙofarsa ke nan har abada. La'adar da ake biya kuɗin wannan tsayawa ce.

Malamanmu ma ba su bar wannan babi a buɗe ba. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanci Risala ta Ibn Abi Zaid, mutumin Ƙairawan, ya san an halatta sayen abin da ba ya wurin ciniki in an siffanta shi, amma an hana a sharɗanta biyan kuɗinsa tun kafin a karɓa, sai fa in yana kusa, ko kuwa abu ne da ba ya saurin sākewa, kamar gida ko fili ko itace. Dabba mai rai da ke nesan fiye da kilomita 1,000 ba ta cikin waɗannan. Shekara dubu ke nan da aka rubuta wannan hukunci, tun ba a san waya ba, amma kamar domin wannan zamani aka yi shi. Su kuwa kakanninmu sun taƙaita zancen da cewa ba a cinikin biri a sama.

Me ya sauya? Wayar hannu ta GSM ta shigo ƙasar nan a 2001, intanet a waya ta biyo baya, sa'an nan ƙarancin takardun Naira a farkon 2023 ya tilasta wa kowa, har da wanda bai taɓa shiga banki ba, ya koyi tura kuɗi ta waya ko ta hannun masu POS. Duk wannan alheri ne, ba mai neman a koma baya. Sai dai wayar ta haɗa mai saye da mai sayarwa kai tsaye, ta tsame mutumin da ke tsakiya. Mutane suka yi murna sun huta da biyan la'ada. Ba su lura ba cewa da dillali ya fita, lamuni ma ya bi shi. A ganinmu nan ne tushen ciwon, nan ne kuma maganinsa yake: a mai da mai tsayawa cikin ciniki. Waya ta kawo labarin kaya, amma kuɗi kada su motsa sai da mutumin da za a iya kamawa.

Saboda haka muna ba 'yan'uwa shawara kamar haka.

Na farko, kada ka biya wanda ba ka da hanyar zuwa ƙofar gidansa. In ya ce yana Dogo Nini, tambaye shi sunan mai unguwarsu da masallacin da yake salla, sa'an nan ka nemi naka mutumin ya je ya gani. Da wuya a sami zango a Kudu da babu ɗan Potiskum ko direban da ke zuwa can duk mako. Mai gaskiya ba ya jin haushin bincike. Wanda ya fusata don an ce za a aiko a duba, ya riga ya ba ka amsa.

Na biyu, ɗan aikenka ya tambayi wanda ke riƙe da igiya, baki da baki: kai ne mai shi, nawa ka sayar, wane asusu za a biya? Kafin kuɗi su fita, waya takan nuna sunan mai asusun da za su shiga. Tsaya ka karanta, in ba ka iya ba ka sa a karanta maka. In sunan ya saɓa da na mai kaya, aka ce maka na ƙane ne ko na mai shago, janye hannunka.

Na uku, kada hoto ko bidiyo ya ishe ka hujja, domin duka ana satarsu. In dole ne, a yi kiran da za ka ga mutum da dabbar a lokaci guda, ka sa shi ya ambaci sunanka, ya kama kunnen ragon na hagu, ya buɗe bakinsa ka ga haƙora. Wannan ma rage shakka yake yi, ba ya maye gurbin ɗan aike.

Na huɗu, a bar kuɗi a hannun amintacce har kaya ya hau mota, direba kuwa ya zama sananne a tasha, kai ka zaɓe shi, ba mai sayarwa ba. Biya la'ada da daɗin rai. Wanda ya ƙi ba dillali ɗan abin da ya saba karɓa, ya aika wa baƙo kuɗin rago sukutum, bai yi tsimi ba.

Na biyar, ka ji tsoron araha da gaggawa in sun haɗu, musamman gab da Babbar Salla. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kuma lambar sirri ta katinka, da lambobin da banki ko WhatsApp suka aiko maka, ba na faɗa wa kowa ba ne, ko da ya ce daga banki yake.

In kuwa ƙaddara ta riga fata, kada kunya ta rufe maka baki. Garzaya bankinka a ranar, tun kafin a kwashe kuɗin zuwa wani wuri, ka nemi su sanar da bankin da ya karɓa. Adana shaidar biya da lambar wayar da duk saƙonnin da kuka yi, kada ka goge kome cikin fushi. Kai ƙara wurin 'yan sanda, ka kuma rubuta wa Hukumar EFCC, wadda ta fara aiki a 2003, tana da ofisoshi a Ikko da Badun da Fatakwal da Inugu da Binin, haka nan a Kano da Gombe da Maiduguri. Shigar da ƙara a wurinta ba a biyan kuɗi. Duk wanda ya kira ka daga baya ya ce shi jami'i ne, zai ƙwato maka kuɗinka in ka ba da na mai, to, ɗan'uwan na farko ne ya dawo kwasar saura. Ba kullum ake samun kuɗi su dawo ba, gaskiya ke nan, amma ƙarar da ka kai tana iya sa a rufe asusun da za a cuci wasu goma da shi.

Doka kuwa ba ta yi sassauci ba. Dokar hana zamba ta 2006 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba, bai kuma wuce 20 ba, babu zaɓin tara, ga wanda ya karɓi dukiyar wani ta hanyar ƙarya. Ta kuma tanadi irin wannan hukunci ga wanda ya taimaka ko ya haɗa baki. Akwai kuma dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. A nan muke jan kunnen samarinmu. Macuci ba ya karɓar kuɗi da sunansa. Yakan nemi yaro ya ara masa asusu ko layin waya a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ko ya sa mai POS ya karɓa ya miƙa masa a hannu ba tambaya. Tun 2014 aka fara ɗaure asusun banki da lambar BVN, tun ƙarshen 2020 kuma aka fara haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa. Ma'anar wannan ita ce, ranar da bincike ya zo, ƙofar mai asusu za a ƙwanƙwasa, ba ta wanda ya ci kuɗin ba. Da ɗan gari akan ci gari, amma ɗan garin ne kan kwana a gidan kaso. Iyaye da iyayen gida su ja wa yaransu kunne.

Sai dai gargaɗin mutum ɗaya ɗaya ba zai wadatar ba, aikin na shugabanni ne. Muna kira ga Sarakunan Hausawa da shugabannin zango da na kasuwanni a biranen Kudu da su ɗauki wannan a matsayin aikinsu na asali, domin tsaron amanar baƙo shi ne dalilin kafa sarautarsu tun farko. Kowane zango ya tanadi littafi guda, a rubuta sunayen amintattun dillalai da direbobi na Potiskum da sauran manyan kasuwannin Arewa, a kuma rubuta lambobin waya da na asusu da aka tabbatar an yi cuta da su, bayan an ga shaida, don kada a ɓata sunan wani a kan gaba ko ƙyashi. Limamai su taɓo maganar a huɗuba, musamman in layya ta gabato.

Muna kuma kira ga shugabannin kasuwar shanu ta Potiskum, da Ƙaramar Hukuma, da masarautun Fika da Potiskum, da su yi rajistar dillalan da ke ciniki da mutanen nesa, su fitar da lamba guda sananniya wadda mai saye daga Ikko zai kira ya tambaya ko an san wane. Masu unguwanni, a Dogo Nini da sauran unguwannin garin, sun san mutanensu gida gida, tabbatar da mutum ba zai ɗauke su sa'a guda ba. Abin da za a kashe kaɗan ne in an gwada da darajar sunan da za a kare. Bankuna da Babban Bankin Nijeriya su ma su sauƙaƙa hanyar kai kuka, su sa masu jin Hausa a inda ake karɓar ƙorafi, domin mai gadin da aka cuta ba shi da lauya, sau da yawa kuma ba ya iya rubuta takardar Turanci. 'Yan sanda kuma su daina ɗaukar ƙarar kuɗin rago guda ƙaramin abu. A wurin mai shi tarin shekara ne.

Daga ƙarshe, akwai abin da ya fi kuɗin rago, watau sunanmu. Jarin ɗan Arewa a Kudu shi ne amana. Saboda ita ake ba shi mabuɗin gida ya tsare, ake ba shi kuɗi ya canja ba a ƙirga a gabansa, ake aikensa ya sayo saniyar biki. Macutan nan ba 'yan'uwanmu kaɗai suke yi wa tarko ba, har da maƙwabtanmu Yarabawa da Ibo masu neman ragon Salla ko saniyar biki kai tsaye daga Arewa. Duk wanda aka cuta da sunan Malam wane na Potiskum, gobe da wani ido zai dubi Malam na bakin titinsu. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Kada kuma mu ruɗi kanmu da cewa cuta sana'ar wata ƙabila ce. Wanda ya yi maka sallama da Hausa tsantsa, ya rantse maka da Allah, ya san sunayen unguwanni, ba daga wata duniya ya zo ba. Haka nan in an kama wanda ake zargi, a miƙa shi ga hukuma, kada a ɗauki doka a hannu, domin a baƙon wuri ƙaramar wuta ba ta da wuyar zama gobara.

Kakanninmu sun kai shanu Kurmi da ƙafa, sun komo da goro, sun yi cinikin dukiya mai yawa ba takarda ba banki, saboda sun riƙe ƙa'ida guda: ba a sakin kuɗi sai da mai tsayawa. Mu da aka ba mu waya da mota ba mu da dalilin yar da ita. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya tsare mana guminmu, Ya shiryi masu cin amana, Ya sa kowa ya koma gida da abin da ya fito nema.